Babi na 5: Littafin da Ke Jiran Dawowar Baba

"Yaron da ya haddace tallar rediyo tun daga farko har ƙarshe, yake biya ƙananan surori ba gargada, me zai hana shi gaya mini abin da ya ci da rana?" Duk wanda ya zauna da iyayen yara masu lalurar otizim, wadda gidajen rediyo kan kira galahanga, ya ji wannan tambaya ko 'yar'uwarta. Uba ne ya fi yin ta, kuma yawanci da ɗan ɗaci a muryarsa. Ya taso daga kamfani a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ya kwaso gajiya, ya tsuguna gaban ɗansa ya ce, "Me ka yi yau?" Sai yaron ya ɗaga kai yana kallon fanka, ya mayar masa, "Me ka yi yau?" da irin muryarsa sak. Daga nan kowa sai ya kawo nasa fassarar. Wani ya ce taurin kai ne, wata ta ce iska ce, kaka ta ce a ƙyale shi, ai kawunsa ma sai da ya girma bakinsa ya buɗe.

Nauyin tambayar

A wurinmu "me ka yi yau?" kusan gaisuwa ce. A wurin irin wannan yaro aiki ne hawa-hawa. Sai ya fara gane cewa tambayarsa ake yi, ba karatu ake biya masa ba. Sannan ya mayar da hankalinsa kan abin da ya riga ya wuce, wanda babu shi a gabansa. Cikin abubuwa barkatai da suka faru tun asuba ya zaɓi guda. Bayan haka ya juya "ka" ɗin da ya ji ta koma "na" a bakinsa. Duk wannan kuma cikin ɗan haƙurin da babba ke iya yi, wanda bai cika wuce ƙiftawa da bismilla ba.

Juyin nan na "ka" zuwa "na" shi ya fi ba da wuya, Hausa kuma ta ƙara masa kaya, domin ɗan guntun da ke nuna mai aikin shi ne yake ɗauke da lokacin aikin: na ci, ina ci, zan ci. Ga kuma ka da ki, ga ya da ta. Yaron da ke ɗaukar magana a dunƙule, yadda ta shiga kunnensa, zai ce "kana son ruwa?" alhali shi ne yake jin ƙishirwa. Dalili kuwa, duk sanda ruwa ya zo hannunsa, wannan jimlar ce ta rako shi.

Leo Kanner, likitan asibitin Johns Hopkins a Baltimore ta Amurka, wanda rahotonsa na 1943 kan yara 11 ya sa duniya ta san lalurar, ya lura da wannan. Na farko cikin yaran, Donald Triplett, tun yana ɗan shekara biyu yake haddace waƙoƙi da nassoshin coci, amma in yana son abu sai ya maimaita tambayar da mahaifiyarsa ta saba yi masa, yana kiran kansa "kai". An daɗe ana ɗaukar irin wannan maimaici a matsayin surutun banza da ya kamata a hana. A 1981 Barry Prizant da Judith Duchan suka ɗauki bidiyon yara masu yin haka, suka bi shi daki-daki, suka nuna cewa sau da yawa da nufi suke yi: roƙo ne, ko amsawa da "e", ko karɓar nasu juyin a hira. Ke nan yaron da ke maimaita maganarka bai rufe maka ƙofa ba. Yana amfani ne da abin da ke hannunsa.

Abin da ke tsayawa a gaban ido

Magana tana fita ta wuce. Kafin yaron ya gama warware kalmar farko, ta biyar ta riga ta ɓace. Abin da ke kan takarda kuwa yana nan, zai dube shi, ya kau da kai, ya dawo ya same shi yadda ya bar shi. Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, daga baya ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Colorado, kuma zanenta ne ake bi wajen gina hanyoyin shanu a mayanka da yawa na Amurka. Ta bayyana a littafinta na 1995 cewa da hotuna take tunani, kalmomi daga baya suke zuwa. Ba duk masu lalurar ne haka ba, amma da yawansu ido ya fi kunne yi musu aiki. A kan wannan aka gina tsarin musayar katin hoto da Andy Bondy da Lori Frost suka fara a jihar Delaware a 1985, inda yaro ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi. A kansa kuma malama Carol Gray ta Michigan ta gina gajerun labaranta a farkon shekarun 1990, waɗanda ke shirya yaro kafin ya shiga wani sabon yanayi.

Littafin yini, wanda shi ne zancenmu a wannan babi, ya ɗebo daga waɗannan duka. Wanda ya yi aiki a kamfani ba sai an yi masa dogon bayani ba. A wurare da yawa, masu dutin safe ba sa tashi sai sun rubuta wa masu karɓarsu abin da ya gudana: wane inji ne ya tsaya, ƙarfe nawa wuta ta ɗauke, kaya nawa aka fitar. Wanda ya shigo ba ya nan aka yi, amma da ya buɗe littafin ya san inda aka kwana. To haka littafin yaron yake. Shi da mahaifiyarsa ne masu miƙa aiki, uba ne mai karɓa.

Kayan haɗi

Littafin rubutu na makaranta mai falle 40 ko 60 ya isa. Sai bairo, da gam ko salatif, da almakashi a hannun babba. Sauran kayan duk suna tsakar gida: ledar biskit ɗin da ya ci, ganyen darbejiya da ya tsinto, ƙyallen atamfa daga wurin tela, fankon ashana, takardar magani. Abin da yaron ya taɓa da hannunsa ya fi duk wani zane tuna masa da abin da ya faru. Wannan ya kuma sauƙaƙa wa gidajen da ba sa sakin jiki da zana abu mai rai, don ana iya cika littafin ba tare da an zana fuska ko ɗaya ba.

Zaman minti goma

Mu ɗauki misali. Yaro ne ɗan shekara biyar, mu kira shi Sadik, suna zaune a Ja'en, mahaifinsa yana kamfanin roba a Sharaɗa inda ake buga buta da bokiti. Bayan la'asar, an yi wanka, an ci abinci, mahaifiyarsa, Maman Ummi, ta shimfiɗa tabarma a inda suka saba. Ba gabansa take zama ba, gefensa take zama, su biyu suna fuskantar takarda, don kallon ido cikin ido yana takura yara da yawa masu wannan lalura. Ta rubuta kwanan wata a sama. Ta ajiye ledar biskit ɗin a kan shafin, ta yi shiru.

Shirun nan shi ne rabin aikin, kuma shi ya fi yi wa iyaye wuya. Ta ƙirga goma a zuci. Sadik ya ɗauki ledar yana murzawa kusa da kunnensa. Ba ta ƙwace ba. Ta ce, "Ƙara take yi." Ta sake yin shiru. Can ya ce, "Kana son biskit?" Ba ta ce masa "ba haka ake faɗa ba." Ta ɗora tafin hannunsa a ƙirjinsa ta ce, "Na ci biskit." Ta rubuta hakan da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin inda suka manna ledar, ta bi da yatsansa a kan rubutun, ta karanta sau ɗaya. Ya tashi ya bar wurin. An gama na yau.

A lura da abin da ta yi. Da bakin yaron ta yi magana, "na" ta ce, ba "ka" ba, tunda abin da ya ji shi zai ɗauka a dunƙule. Idan dai maimaitawa zai yi, gara a ba shi jimlar da in ya maimaita ta zauna daidai. Sannan ba ta yi masa tambaya ko ɗaya ba. Mu Hausawa hirarmu da ƙananan yara kusan duk jarrabawa ce: mene ne wannan, waye wancan, ka gaishe shi, ce na gode. Masu nazarin yadda yara ke koyon ba da labari, irin su Robyn Fivush a Amurka da Elaine Reese a New Zealand, sun gano cewa uwar da ke ƙara wa ɗanta sabon bayani in suna tuna abin da ya wuce, 'ya'yanta sun fi iya ba da labari daga baya, a kan uwar da ke nanata tambaya guda har sai an ba ta amsar da take so.

Ƙa'idar ƙari kuwa ita ce taki ɗaya gaba da inda yaron yake. Wanda bai fara magana ba, a ba shi kalma guda: "biskit". Mai kalma guda a ba shi biyu. Mai biyu a ba shi gajeriyar jimla. Uwar da ta cika shafi da rubutu, kanta ta rubuta wa.

Akwai kuma batun abin da za a sa a littafin, kuma a nan ne ake yawan samun saɓani. Uwa tana so a rubuta cewa an je gidan suna. Shi kuwa Sadik abin da ya gani a hanyar gidan sunan shi ne tirela. Jiya tirela, yau tirela, mako uku ana abu ɗaya. Ni dai shawarata a bi tirelar. Yaron da ya taso kusa da titin Sharaɗa ko hanyar Panshekara, manyan motoci ne abin kallonsa, kuma cikin tirela guda akwai Hausa mai yawa: babbar tirela, jar tirela, tirela ta tsaya, tirela ta ɗauko buhuna, na ga tirela biyu, ban ga tirela ba yau. Ga launi, ga ƙidaya, ga korewa, duk a kan abin da ba sai an roƙe shi ya kalla ba.

Wannan bin yaro a baya an gwada shi. A Ingila, Jonathan Green na jami'ar Manchester da abokan aikinsa sun yi gwaji da yara 152, inda aka riƙa nuna wa iyaye bidiyon wasansu da 'ya'yansu don su koyi gane ƙananan alamun da yaro ke bayarwa, su amsa masa a kan abin da hankalinsa yake kai. An buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 2010, aka sake bibiyar yaran aka buga a 2016. Yaran da iyayensu suka samu horon sun fi fara tuntuɓar iyayen da kansu, alamun lalurar kuma sun ɗan sassauta, ko da yake a gwajin harshe na takarda ba a ga bambanci ba. An kuma gwada irin tsarin a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, ta hannun ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba, a gidaje masu ƙaramin ƙarfi kamar namu.

Idan shafi mai abu guda ya zauna, sai a raba shi gida uku. Mu Allah ya hutar da mu neman agogo, kiran salla ya riga ya yanka mana yinin: da safe, bayan azahar, bayan magariba. Daga nan "da farko", "sannan", "daga ƙarshe" ke shigowa. Can gaba a ƙara ɗan gida a ƙasan shafi na gobe, inda "zan" zai samu wurin zama: "Gobe zan je aski." Yaron da ya ga almakashi a littafi tun daren Alhamis, ba kamar wanda aka ɗauka kwatsam ranar Juma'a aka dire a kujerar mai aski ba ne.

Rabon Baba

Yanzu ga abin da ya sa na ce littafin jiran uba yake yi. Uwa tana nan aka ci biskit ɗin. Idan Sadik ya gaya mata, bita ce kawai, shi ma ya san ta sani. Uba kuwa yana bakin inji. Shi kaɗai ne a gidan da gaske bai san abin da ya faru ba, kuma ba da labari ba ya da ma'ana sai da wanda bai sani ba. Fahimtar cewa abin da ke kaina ba ya kan wani, tana cikin abubuwan da ke zuwa wa waɗannan yara a makare. Rashin uban a gida da rana, wanda kowa ke gani a matsayin naƙasu, a nan shi ne abin amfani.

Saboda haka kada ya shigo da tambaya. Ya zauna, 'yar'uwar Sadik Ummi ko mahaifiyarsu ta ce, "Sadik, kai wa Baba littafi." Ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan ledar, ya nuna mamaki na gaske: "Kai! Biskit!" Ya yi shiru. In yaron ya ce wani abu, ko ya taɓa shafin, ko ya ɗan saci kallonsa, labari ya isa inda aka aike shi.

Sannan uban ya rama. A shafin da ke kallon na yaron, ya rubuta nasa layi guda: "Na hau a daidaita sahu." "Na sha shayi a bakin kamfani." Ya manna takardar ganyen shayin in ya samu. Ta haka yaron zai ga "na" guda biyu a buɗe, ɗaya tasa, ɗaya ta Baba, ya fara gane cewa kalmar tana bin duk wanda ke magana ne. Gargaɗi ɗaya ga masu aiki a kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa: kada a kawo guntun fata ko wani tarkace daga wurin jima, don ana amfani da sinadarai masu guba irin su kuromiyam, yaran nan kuma da yawansu komai baki suke kai wa. A wanke hannu, a sauya kaya, kafin a zauna.

Mai dutin dare fa? Littafin ya kwana a inda zai gan shi in ya dawo da safe, ko uwa ta ɗauki hoton shafin ta tura masa ta WhatsApp, shi kuma ya aiko da gajeriyar murya lokacin hutu. Makon da dutin zai juya, a zana rana ko wata a gidan gobe, don sauyin lokacin dawowar uba yana cikin abin da ke birkita yaro ba tare da an gane dalili ba.

Na san akwai mazan da za su ce wannan aikin mata ne, akwai kuma alkunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa ko uba kama sunan yaro balle a zauna ana wasa da shi a gaban surukai. Alkunya tana da muhallinta, amma wannan yaron ba zai fahimci ƙaunar da aka ɓoye ba. In ba za a iya kama sunan yanka ba, a zaɓi laƙabi guda a tsaya a kansa. Yaron da kaka ke kira Mai Gida, uwa ke kira Abba, makaranta ke kira Abubakar, an ba shi aiki uku a inda ɗaya ma bai gama ba.

Da wane harshe?

Da wanda ake magana da shi a gidan. Wasu malamai kan ce a daina yi wa yaro Hausa, a tsaya kan Turanci kada a rikita shi. Binciken da Catherine Hambly da Eric Fombonne suka buga a Kanada a 2012 bai samu ƙarin jinkirin magana ga yara masu otizim da ke jin harshe biyu ba. A unguwannin da ke kewaye da Bompai, irin su Dakata da Birged, inda za ka samu uba Bahaushe uwa Bayarabiya ko Ba'igala, kowa ya rubuta nasa layin da harshen da bakinsa ya fi sakewa. Uwar da ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ta faɗa Yaya ta rubuta.

Ranar da ya yaga shafin

Za ta zo. Wata rana zai yaga, wata rana zai ƙi zama, wata rana janaretan maƙwabta zai hana shi jin komai sai toshe kunne. A rufe littafin, gobe ma rana ce. Abin da zai kashe shi gaba ɗaya shi ne a haɗa shi da tsawa ko bulala, ko a mayar da shi sharaɗin cin abinci.

Munanan ranaku ma suna da shafinsu, amma sai bayan ƙura ta lafa: "Na yi kuka. Ƙarar inji ta dame ni. Mama ta rufe taga." Yaron da ya samu kalmar "ta dame ni" ya samu abin da zai faɗa a maimakon buga kai da bango. Sai dai wannan shafi na cikin gida ne. Ba a buɗe wa baƙi shi ana dariya.

Inda littafin ya tsaya

Littafin ba magani ba ne, kuma ba ya alƙawarin cewa kowane yaro zai yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim, masu bincike kuma suna cewa kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na masu lalurar kalmominsu kan kasance kaɗan ƙwarai ko babu. Ga irin wannan yaro, nuna shafi da yatsa magana ce, kuma a karɓe ta a haka. Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri a fara gwada jinsa, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda kuma ya fara rasa kalmomin da ya riga ya iya, ko aka ga alamar farfaɗiya, asibiti za a nufa ba tare da jira ba.

A can ma littafin zai yi rana. Likita a layin da ya cika ba shi da lokacin dogon tarihi, uwa kuma in an tambaye ta yaushe abu kaza ya fara, sai ta ce "ya ɗan jima." Shafi mai kwanan wata ya fi wannan amsa. Kafin Kanner ya ga Donald a 1938, wasiƙa mai shafi 33 mahaifin yaron ya aika masa, yana zayyana halayensa ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawa daga abin da likitan ya rubuta daga cikinta ya fito. Donald ya yi aiki a bankin garinsu, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Saura wuri na uku da littafin zai je, ban da gida da asibiti. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba yaron haƙƙin karatu, amma doka ba ta gaya wa uwa abin da za ta ce da malamin Islamiyya mai ɗalibai cike da aji da bulala a hannu ba. A babi na gaba za mu bi Sadik zuwa makaranta: yadda ake zaɓar aji, abin da ake gaya wa malami a ranar farko, da yadda za a roƙe shi ya ƙara nasa layi guda a shafin kafin a tashi.